Kyautar Kimiyya A Makarantu: Gwani Ɗaya Ake Nema, Ko Hannu Dubu?

A shekarar 1986 aka fara wani shiri a makarantun Birtaniya mai suna CREST, wanda ke ba ɗalibai lambar yabo a kan aikin kimiyyar da suka yi da hannunsu. Abin da ya raba shi da gasannin da aka saba gani shi ne babu na ɗaya, babu na biyu, babu kofi. Yaro ko gungun yara za su zaɓi tambaya, su tsara yadda za su gwada ta, su auna, su rubuta abin da suka gani, sannan a duba aikin a ga ko ya kai mizanin da aka gindaya. In ya kai, a ba su takardar shaida. In yara talatin na aji guda duk suka kai, to duk talatin ɗin sun samu. Ƙungiyar Kimiyya ta Birtaniya, wadda aka kafa a birnin York tun 1831, ita ke riƙe da shirin a yau, kuma dubban ɗalibai ke karɓar shaidarsa kowace shekara.

A Amurka kuwa akwai gasar da ta girmi wannan shiri da shekara 44, wato gasar zaƙulo matasan masana kimiyya da kamfanin Westinghouse ya fara ɗaukar nauyinta a 1942. Yanzu kamfanin magunguna na Regeneron ne ke biya. Ana tace masu nema a fitar da 300, a sake tacewa a fitar da 40 a kai su Washington, ɗalibin sakandaren da ya zo na ɗaya ya tashi da dala 250,000. Shirye-shiryen biyu duk abu ɗaya suke faɗa, cewa suna so yara su yi kimiyya da hannu maimakon su tsaya ga jin labarinta. Amma hanyoyinsu sun rabu tun daga tushe, kuma duk wanda ke da niyyar kashe kuɗi ko lokaci a kan irin wannan abu ya kamata ya san me kowace hanya ke haifarwa.

Da farko sai a gane ciwon da ake neman magani. Karatun kimiyya a makaranta, ko a ƙasar da ke da wadatar kayan aiki, ya fi karkata ga hadda. Ko ranar da aka shiga ɗakin gwaje-gwaje ma, takarda ake miƙa wa ɗalibi: zuba kaza a cikin kaza, ɗiga har launi ya juya, rubuta lambar da ka gani. Malam ya san amsar, tana cikin littafi, ɗalibi mai wayo ma ya riga ya leƙa ta, don haka in gwajinsa ya ba shi wani abu daban sai ya goge ya rubuta wadda ake jira. Wannan yana koya wa yaro riƙe kwalba da karanta ma'auni, kuma ba abin rainawa ba ne. Sai dai aikin masanin kimiyya yana farawa ne a inda babu wanda ya san amsar, inda mutum zai yanke wa kansa shawarar me zai auna, sau nawa, da me zai yarda da shi in sakamako biyu suka saɓa. Yaro zai iya gama sakandare da maki mai kyau bai taɓa tsayawa a wannan matsayi ba ko da na awa ɗaya.

A Ingila abin ya ƙara fitowa fili a 2015, lokacin da aka cire makin aikin hannu daga cikin sakamakon jarrabawar A-level ta kimiyya. Aka mayar da shi wata shaida ta daban da ke nuna cewa ɗalibi ya yi gwaje-gwaje aƙalla 12 kuma ya iya. Hukumomin jarrabawa sun kafa hujja da cewa makin da ake bayarwa a makarantu ya daina bambanta gwani da wanda aka kama wa hannu, manyan ƙungiyoyin masana kimiyya kuma suka nuna fargabar cewa abin da ba ya ƙara maki makarantu za su yi watsi da shi. Bayan shekara biyu, a 2017, Farfesa John Holman ya fitar da rahoto a ƙarƙashin gidauniyar Gatsby a kan yadda ya kamata a koyar da kimiyya a aikace, kuma cikin ma'aunai goma da ya zayyana akwai cewa a ba ɗalibai damar yin bincike mai tsawo wanda ba a san ƙarshensa ba tun farko. Wannan giɓin ne lambobin yabo irin na CREST ke ƙoƙarin cikewa.

Tsarin nasa hawa-hawa ne. Akwai na ƙananan yara har zuwa shekara 7, da na 'yan 7 zuwa 11, waɗanda gajerun ayyuka ne na kusan awa guda da kayan da ake samu a gida. Akwai na wuni ɗaya da aji ke yi tare. Daga nan sai manyan matakai uku: tagulla, mai neman aikin awa 10, azurfa, mai neman awa 30, da zinariya, mai neman awa 70, wadda galibi 'yan shekara 16 zuwa sama ke yi, wasu ma tare da wani ƙwararre daga jami'a ko masana'anta yana yi musu jagora. Malamin makaranta ne ke duba aikin tagulla, amma azurfa da zinariya sai an tura wa masu dubawa na waje. Akwai ɗan kuɗin rajista, ko da yake a yankin Wales gwamnatin yankin ce ta ɗauke wa makarantu wannan nauyi.

Wurin da ya fi burge ni a shirin shi ne abin da masu dubawa ke nema. Ba su tambayar ko yaro ya gano wani sabon abu da duniya ba ta sani ba. Suna duba ko ya bayyana manufarsa a fili, ko ya yi tunanin hanyoyi daban-daban kafin ya zaɓi ɗaya, ko ya kula da haɗari, ko ƙarshen da ya yanke ya fito daga abin da ya auna, da kuma yadda ya yi da matsalolin da suka taso masa. A ɗauka 'yan mata uku ne 'yan shekara 14 suke son sanin wane abin rufi ya fi tsare zafi, tunda ƙasarsu ta sanyi ce kuma kuɗin ɗumama gida na cin aljihun iyayensu. Suka naɗe kofuna da ulu, da takarda, da soso, suka zuba ruwan zafi, suna auna shi kowane minti biyar. Sakamakon farko ya nuna takarda ta fi ulu. Da suka sake dubawa sai suka ga ashe kofin ulun yana kusa da taga, kuma shi aka fara zuba wa ruwa. Suka jera kofunan wuri ɗaya, suka ƙara wani kofi da ba a naɗe shi da komai ba don ya zama abin kwatance, suka maimaita sau uku. A jarrabawar da aka saba, gwajin farkon nan kuskure ne da za a ɓoye. A wannan tsari kuwa, labarin yadda suka gano shi suka gyara yana cikin abin da zai sa su ci. Aikin da hasashensa bai tabbata ba ma zai iya samun lambar yabo, muddin an bi hanya kuma an faɗi gaskiya. Ni a ganina wannan darasi ya fi sanin wane abin rufi ya yi nasara daraja nesa ba kusa ba, domin shi ne zai bi yarinyar har asibiti in ta zama likita, har gona in ta zama manomiya.

To amma kada a ɗauka gasa ba ta da nata alherin. Ƙasar Ayilan ce ta fi nuna shi. A 1963 wasu masana fizis biyu na jami'ar UCD da ke Dublin, Tom Burke wanda limamin coci ne da Tony Scott, suka ga baje kolin kimiyya na 'yan makaranta a jihar New Mexico ta Amurka. Suka koma gida suka kafa nasu, aka yi na farko a Dublin a watan Janairun 1965. Tun daga nan kowane Janairu ana baje ayyuka, a 'yan shekarun nan kusan 550 da aka tace daga cikin waɗanda aka turo, kuma jama'a dubu-dubu ke zuwa kallo: iyaye, 'yan makaranta, ministoci, 'yan jarida. Yaro yana tsaye a gaban aikinsa kwana da kwanaki yana amsa tambayar alƙalai da ta baƙin da bai taɓa gani ba. A ƙasa mai mutane wajen miliyan biyar, wanda ya ci yakan fito a labaran dare kamar ɗan ƙwallo.

A 2005 wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Patrick Collison ya ci wannan gasa da wani harshen sarrafa kwamfuta da ya ƙirƙira. Shi da ƙanensa John suka kafa kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Stripe a 2010, kuma daga 2026 wannan kamfani ne ya karɓi ɗaukar nauyin baje kolin daga hannun kamfanin BT. A 2013 kuma wasu 'yan mata uku daga garin Kinsale, Ciara Judge da Émer Hickey da Sophie Healy-Thow, suka ci da bincike a kan ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwar tsiron wake, irin waɗanda duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ya gani. Sun gwada ko waɗannan ƙwayoyi za su hanzarta tsirowar hatsi irin su alkama da sha'ir, sun yi ta gwaji a kan dubban iri a gida suna rubutawa, har aikin ya kai su ga babbar kyautar gasar kimiyya ta Google a 2014. Bayan shekara biyu Kiara Nirghin, 'yar shekara 16 daga Afirka ta Kudu, ta ci wannan gasa da wani abu mai riƙe ruwa a ƙasa da ta haɗa da ɓawon lemo da na fiya, a daidai lokacin da fari ke gasa wa manoman ƙasarta aya a hannu. Irin waɗannan labarai suna yin wani aiki da takardar shaida ba ta iya yi. Suna sa ƙaramar yarinya da ke kallon talabijin ta ce ashe ni ma zan iya, suna sa shugaban makaranta ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje bayan an tashi.

Matsalar gasa tana fitowa ne in kuɗi ya yi yawa kuma matakin ya yi tsawo. A babban baje kolin ISEF na duniya, wanda ya samo asali daga taron da aka yi a Philadelphia a 1950, kuma a yanzu yake tara ɗalibai sama da 1,500 daga ƙasashe fiye da 60 duk shekara, ayyuka da dama da ke kaiwa ƙarshe an yi su ne a ɗakunan binciken jami'o'i, da na'urorin da makarantar gwamnati ta talakawa ba ta taɓa gani ba. Yaron da mahaifiyarsa farfesa ce, ko wanda gidansu ke kusa da babbar jami'a, ya riga ya yi nisa kafin a busa usur. Ba laifinsa ba ne, kuma sau da yawa gwani ne na gaske. Amma in aka ce manufar ita ce a jawo yaran da kimiyya ba ta kai gare su ba, to kyautar da ke zuwa a ƙarshen hanya ta fi saka wa wanda dama can an share masa hanyar. Ga kuma wahalar da alƙalai ke sha wajen gane ina hannun yaro ya tsaya, ina na babba ya fara.

Akwai wani haɗarin da ke tattare da tilas. Frederick Grinnell da abokan aikinsa a wata jami'ar likitanci da ke Dallas sun tambayi ɗaliban sakandare da suka shiga irin wannan baje koli, suka wallafa sakamakon a 2020. Yawancin ɗaliban sun ce abin ya ƙara musu sha'awar kimiyya, amma waɗanda aka tilasta wa shiga gasar sha'awarsu ba ta kai ta waɗanda suka shiga don kansu ba, kuma a cikin waɗanda aka tilasta wa ɗin an samu waɗanda suka amsa cewa sun kwafi aikin wani ko sun ƙirƙiro sakamako. Shirin da aka kafa don koyar da gaskiya a aikin bincike, in aka yi masa rashin dabara, ƙarya zai koyar.

Sannan gasa mai tsada rayuwarta na hannun mai biya. Kamfanin Intel ya karɓi waccan tsohuwar gasa ta Amurka a 1998, a 2015 ya sanar zai janye, aka yi sa'a Regeneron ya shigo da alƙawarin dala miliyan 100 na shekara goma. Gasar Google da aka fara a 2011 ba ta samu mai ceto ba. Bayan waɗanda suka ci a 2019 ba a sake yin ta ba.

Yanzu sai tambaya mai wuya: shin shirin da ba gasa ba, irin CREST, yana aiki kuwa? A watan Janairun 2016 ƙungiyar Pro Bono Economics ta fitar da rahoto da ya faranta wa masu shirin rai. Ta gano cewa ɗaliban da suka yi lambar azurfa sun fi takwarorinsu da rabin mataki a mafi kyawun sakamakonsu na kimiyya a jarrabawar GCSE, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da ake ciyarwa kyauta a makaranta kuma tazarar tasu ta kai kashi biyu cikin uku na mataki. Ta kuma ce yiwuwar su ci gaba da darussan kimiyya a mataki na gaba ta fi ta sauran da kashi 21 cikin ɗari. Amma a 2019 gidauniyar EEF ta wallafa sakamakon wani gwaji na daban, inda aka raba ɗalibai 'yan shekara 13 zuwa 14 ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su damar yin shirin, wasu ba a ba su ba. Wannan gwaji bai ga shaidar cewa makin kimiyya ya ƙaru ba. Abin da ya gani shi ne ɗan ƙarin yarda da kai da ɗan ƙarin son makaranta.

Yaya aka yi bincike biyu a kan shiri ɗaya suka saɓa haka? Na farkon ya kwatanta yaran da suka riga suka yi shirin ne da wasu masu kama da su a takarda. To amma wane yaro ne ke tsayawa bayan an tashi ya yi aikin awa 30 da ba dole ba? Mai sha'awa ne tun asali, a makarantar da ke da malami mai himma. Wannan sha'awa da wannan malami ba sa fitowa a alƙaluman gwamnati, kuma su kaɗai sun isa su ɗaga maki ko da babu wata lambar yabo. Ƙuri'a ita ke kawar da wannan ruɗani, shi ya sa na fi ba gwaji na biyu nauyi a kan batun maki. Abin da na ɗauka daga nan shi ne kada a sayar wa iyaye da shugabannin makarantu wannan abu da alƙawarin cin jarrabawa, domin hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Amma kuma ban yarda a ce shirin ya faɗi ba. Takardar jarrabawa tana auna abin da manhaja ta ƙunsa, kuma yarinyar da ta shafe awa 30 tana auna zafin kofuna ba ta ƙara sanin tsarin zuciyar ɗan Adam ba. Abin da ta koya wani ne daban: tsara aiki, haƙuri da maimaici, shakkar sakamakon da ya zo da sauƙi. Wanda yake ganin waɗannan sun cancanci awa 30 daga rayuwar yaro zai goyi bayan shirin ko maki bai motsa ba. Ni ina cikinsu.

Indiya ta bi wata hanya ta uku da ta dace da ƙasar da talauci ke hana yaro sayen ko da waya da batir. A shirinta na INSPIRE-MANAK, makarantu ke tura dabarun da ɗalibansu suka kawo, waɗanda aka zaɓa kuma a tura wa kowannensu rupi 10,000 a asusun banki don ya gina abin da ya zayyana, daga nan a baje a matakin gunduma, da jiha, da ƙasa. Wato kuɗin yana zuwa ne kafin aiki, lokacin da ake bukatarsa. Tanzaniya kuma ta ɗauki samfurin Ayilan, ta yi baje kolinta na farko a Darussalam a 2012, Kenya ta biyo baya a 2018. Abin lura a na Tanzaniya shi ne masu shirin ba su tsaya ga bikin ƙarshe ba, suna zagaya yankuna suna horar da malamai yadda ake jagorantar bincike da kayan da ke kusa. Duk inda aka duba, a Wales ne ko a Darussalam, ƙarshen zancen yana komawa kan malami ɗaya da ya yarda ya tsaya bayan an tashi.

Mu ma a Najeriya ba baƙin wannan harka ba ne. Akwai kulob ɗin JETS a makarantu da gasarsa da ke tashi daga jihohi zuwa matakin ƙasa, akwai ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN tun 1957, kuma Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Sai dai manyan kyaututtukan da aka fi gani a talabijin na kacici-kacici ne, wanda ya riga danna ƙararrawa shi ne gwani. Wannan hadda ce cikin gaggawa, kuma tana da amfaninta, amma ba ita ake magana a kai ba. Masu rubuta jarrabawar WAEC daga waje ma wata takarda suke yi a madadin firaktikal, inda ake amsa tambayar gwaji da biro. A inda ake baje ayyuka kuwa, sau da yawa abin da ke jan ido shi ne gidan kwali mai fitila ko jirgin gwangwani, manyan baƙi su tafa, a ɗauki hoto. Yaron da ya ƙera su yana da basira a hannu, kuma ya cancanci a riƙe shi. Amma in ba a tambaye shi me ya auna ba, me ya canza, me ya faru da ya canza ɗin, an bar shi a rabin hanya.

Misalin da ya fi zama a raina shi ne na 2012, lokacin da wasu 'yan mata huɗu 'yan sakandare suka nuna janareta mai aiki da fitsari a bikin Maker Faire Africa a Legas. Labarin ya zagaye duniya, ana cewa lita ɗaya na ba da wutar awa shida. Daga baya masana suka ja hankali cewa fitar da iskar haidurojin daga fitsari shi kansa yana cin wuta, kuma ba a samun ƙarfin da ya wuce wanda aka zuba. Yaran sun yi ƙoƙari na gaske, sun taɓo tambaya mai kyau. Abin da suke bukata shi ne babba da zai ce musu ku auna wutar da ta shiga, ku auna wadda ta fita, ku rubuta. Da an yi haka, da sun fito da aikin da zai ci lambar yabo a kowane tsari mai mutunta hanya, ko da amsar ta zama janaretan ba ya biyan kansa.

Tambayoyin kuwa ga su nan a tsakar gida. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu: ruwan yana ƙafewa yana ɗauke zafi, kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Ɗalibi mai ma'aunin zafi ɗaya zai iya gwada nawa sanyin ke sauka a watan Afrilu, nawa a watan Agusta da iska ke ɗauke da laima, wane yashi ya fi, sau nawa za a jiƙa a wuni. Buhun ajiyar wake mai ninki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da masu bincike na Nijar da Najeriya da wasu ƙasashe, yana aiki ne saboda ƙwarin da ke ciki suna cinye iskar shaƙa su mutu ba tare da an zuba guba ba. Yara za su iya zuba wake a kwalba rufaffiya da buɗaɗɗiya, su ƙirga hujin da ke jikin ƙwaya ɗari kowane mako har wata biyu. Wannan aikin awa 30 ne cikakke, kuɗinsa bai wuce na kwanon wake ba, kuma iyayen yaran za su so jin amsar.

Don haka in an tambaye ni wanne za a ɗauka, sai in ce a fara da faɗi kafin tsawo. Gasar ƙasa da kofinta su zauna, domin suna ɗaga darajar abin a idon jama'a. Amma kuɗin da ake kashewa a kyautar mutum uku da hayar zaure da abincin manyan baƙi, rabinsa zai ishi malamai da dama alawus ɗin tsayawa bayan an tashi da sayen ma'aunin zafi, sikeli da batir. A rubuta mizani a fili wanda kowane yaro zai iya kaiwa, a ba da shaida ga duk wanda ya kai, kada a tilasta wa kowa. Littafin da yaro ke rubuta awonsa kullum ya fi kyan allon da ya kafa nauyi a wurin alƙali. A kuma bar yaro ya yi bayanin aikinsa da Hausa in da ita ya fi iya tunani, domin alƙali mai tambayoyi biyu zai gane ko shi ya yi aikin da hannunsa, abin da haddataccen jawabin Turanci ke ɓoyewa.

Wannan ba sai an jira Abuja ba. Ma'aikatar ilimi ta jiha, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko attajirin da ke raba kyauta ranar bikin yaye ɗalibai, kowannensu zai iya farawa da makarantu biyar a zangon karatu mai zuwa. Tsofaffin ɗaliban makarantun kimiyya da suka zama likitoci da injiniyoyi, ku ne kuka fi dacewa da duba waɗannan ayyuka. Ku ba da Asabar ɗaya a zango, ku zauna da yaran, ku tambaye su me suka auna.